Ƙwaryar Nakom Kawich

A shekara ta ashirin da shida da hawan Sarki Namai Tus tabarmar sarautar Yalkin, ana tsakiyar rani, lokacin da mata ke kankarar gishiri a fadamun arewa, Sarkin ya yi jinyar kwana huɗu ya rasu. Haka tsofaffin garinmu suke fara labarin, haka kakar mijina ta fara mini shi tana surfen masara, ni ma ba zan sauya masa mafari ba.

Yalkin ba babban birni ba ne. Ganuwarsa ta dutse ba ta wuce tsayin mutum biyu ba, dakarunsa kuma ba su kai rabin na maƙwabta ba. Amma duk kwalekwalen da ya taso daga kudu da ƙwayar koko da gashin tsuntsaye, a nan yake sauke kaya. Duk ayarin da ya ratso daji da zuma da zannuwan auduga, a nan yake kwance igiya. Matan da ke neman haihuwa, da masu cikin da ke neman sauka lafiya, daga nan suke tsallakawa tsibirin Kusamil su kai turare ɗakin bautar Uwar Wata. Wasu kuwa ba saye ya kawo su ba, ba ziyara ba. Sun zo su ga teku, su ci gasasshen kifi, su koma gida su cika wa mutane kunne.

Abin da ke tara su ba gishirin ba ne, don akwai gishiri a wasu garuruwan. Wani tsohon rimi ne a bakin ƙofar yamma. Duk wanda ya iso, ta tudu ko ta ruwa, sai ya je ya jingine mashinsa a gindin rimin, a miƙa masa ƙwaryar kunun masara. Da ya sha, ya zama baƙon Yalkin. Ba a tambayarsa ko ɗan wane ne, ba a tambayar abin da ya baro a baya, ba a kuma ɗora masa hannu har ya ɗauki mashinsa ya fita. Mutanen da suka kashe wa juna 'yan'uwa a daji sukan zauna rumfa ɗaya a kasuwar suna ciniki.

Da aka rufe Sarki, hakimai suka taru a Zauren Tabarma suka zaɓi ɗansa Kukum, matashi mai zafin zuciya. Ƙanen marigayin, Tok, wanda ya daɗe yana riƙe da garuruwan cikin daji, ya ce tabarmar tasa ce. Bai tsaya gardama ba. Ya fita ta ƙofar yamma, bayan wata guda ya komo da mayaƙan gari bakwai, ya kafa sansani a kan farar hanyar da ta nufo ƙofar, inda ake hango hayaƙinsu daga kan ganuwa.

Sarkin yaƙin Yalkin, Nakom ake ce masa, kuma shekara uku yake yi a kan aikin. A cikin shekarun nan ba ya cin naman dawa, sai kifi da damo. Ba ya shan giya. Ba ya kwana gidansa, ba ya kusantar mace ko da matarsa ce, ba ya cin abin da mace ta dafa. Ƙwaryarsa dabam take, ba a haɗa ta da ta kowa ko wajen wanki. Yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a saman tudun dutse, mai son magana da shi sai ya tsaya matakala uku ƙasa da shi. Akwai kuma wata doka da aka manta da ita don an daɗe ba a yi yaƙi ba: ba a sauya Nakom muddin abokan gaba suna bakin ƙofa. In ranar saukarsa ta zo ana cikin yaƙi, sai a ɗaura masa wasu shekaru uku cif, don lissafin kwanaki ba ya karɓar rabi.

Nakom na wannan zamani shi ne Kawich. Watansa biyar da aure aka zaɓe shi. Matarsa Mukui ita ke riƙe da masaukin mata masu ziyara a gefen kasuwa, wanda ta gada daga uwarta. Daga ƙofar ɗakinsa yana hango tsakar masaukin, ƙarama kamar tafin hannu. Kullum da hantsi Mukui takan ɗaura masaƙarta a jikin turke ta zauna tana saƙa masa mayafin da zai yafa ranar komawa gida. Ba ta ɗaga kai, shi ma ba ya ɗaga hannu. Yakan tsaya yana kallon farin ƙyallen yana ƙara tsawo, sannan ya shiga ya ci kifinsa fuskarsa na duban bango.

Ranar da saura kwana goma sha tara ya sauka, wani tsohon falke na kwalekwale mai suna Makwa ya hawo matakalar yana haki.

"Nakom, har yanzu damon ne?" in ji shi. "Na rantse da sandar tafiyata, ka fara kama da shi ta wajen wuya."

"Baba Makwa, kai da ke cin talotalo kullum, me ya hana ka kiɓa?"

"Mata uku a gari uku, ɗana. Kowacce tana zaton waccan ce ke ciyar da ni." Ya zauna a kan matakala yana murza gwiwa, dariyar ta bar fuskarsa. "Ba wasa ya kawo ni ba. Fatake sun fara ɗaure kaya. Ana raɗe-raɗin za a taɓa baƙo."

"Ba a taɓa yi ba."

"Shi ya sa shekara arba'in nake wuce gari biyar in zo nan. Gishirinku ya fi tsada, kununku kuma ba gishiri. Amma a nan kaɗai nake barci in saki jiki. In an taɓa mutum ɗaya, ka gaya mini da wuri, kada in mutu a hanyar da ba ta da amfani."

Kafin rana ta take aka busa ƙaho, aka kira Nakom Zauren Tabarma. Ya tsaya a bakin ƙofa, nesa da hakimai, kamar yadda doka ta ce. Sarki Kukum yana zaune, ƙafarsa ɗaya tana rawa.

"Nakom, yaƙin ya ƙare," in ji shi. "Tsunun, 'yar Tok tilo, tana cikin garin nan da cikin wata takwas. Ta shigo cikin ayarin mata kafin ubanta ya iso, tana jiran ranar tsallakawa. An gane ta da koren dutsen da ke haƙorinta. Ka san inda ta sauka? Gidan matarka."

Sarki ya ci gaba.

"Ka aika dakaru huɗu su hau da ita kan ganuwa. Ba wanda zai cuce ta. Baffana ya ganta kawai, gobe ya naɗe sansaninsa."

"Ranka ya daɗe, ta sha kunun?"

Hakimai suka dubi juna. Ahkin, tsohon da ke riƙe da lissafin kwanaki, ya ce, "Ta sha."

"Kunu!" in ji Sarki. "Mutum dubu biyu a kan farar hanya, kana mini zancen kunu? Ka dubi kanka ma, Nakom. Kwana sha tara suka rage maka. In mutanen nan suna nan ranar, ka san abin da Ahkin zai ɗaura maka. Ba ka son gidanka ne?"

"Ina so, ranka ya daɗe. A ba ni zuwa la'asar."

A lokacin yaƙi, ba dakaren da zai ɗaga mashi sai da bakin Nakom, ko da Sarki ne ya ce. Saboda haka Kukum ya cije leɓe ya ba shi lokacin.

Kawich ya sauka ya ratsa kasuwa, abin da ya yi shekara bai yi ba. Mutane suka dare masa hanya, mata suka juya baya. Ya wuce rumfar masu gishiri da tulinsu fari fat, ya wuce masu wuƙaƙen baƙin dutse, ya wuce wata tsohuwa da ke rantsuwa da harshen da bai sani ba a kan farashin zuma. Ƙamshin naman barewa ya bugi hancinsa har ya ji jiri. Ya lura rabin fataken kudu sun riga sun sauke rumfunansu, suna zaune a kan ƙunshin kaya suna binsa da ido.

A bakin masaukin ya tsaya. Mukui ta kwance ɗamarar masaƙa ta miƙe, taku goma tsakaninsu, ta kau da fuska gefe. Ya ga ta rame, ya ga wani ɗan tabon ƙuna a hannunta wanda bai san da shi ba.

"Mai masauki, sannu da aiki."

"Sannu, Nakom."

"Kin san ko wace ce baƙuwarki?"

"Tun ranar da ta zo. Ba ta iya cin barkono, kuma tana tsoron ruwa. Jiya ma sai da na riƙe mata hannu ta taka bakin teku."

"Sarki yana son ta a kan ganuwa."

"Na ji."

Ya waiwaya. Mutane sun taru daga nesa, ba yadda zai faɗi abin da ke ransa. Daga ƙarshe ya ce, "Kin san kwana nawa suka rage?"

"Sha tara," in ji ta. "Ni ma ina ƙirgawa." Ta dafa turken masaƙa. "Amma da hannuna na miƙa mata ƙwaryar, Nakom. In an fitar da ita daga nan, ban san wace ƙwarya zan miƙa maka ranar da ka dawo ba."

Ya dubi mayafin, saura ɗan kaɗan a gama. Ya juya.

Da la'asar sakaliya, kowa na gani, Nakom Kawich ya jera dakaru ashirin daga ƙofar masaukin har bakin ruwa, masunsu a kwance a ƙasa. Tsunun ta fito tana jan ƙafa, Mukui na riƙe da ita. Makwa da kansa ya tallabe ta cikin babban kwalekwalensa.

"Zauna tsakiya, 'yata, ki rufe ido," in ji shi. "In kin ji zuciya na tashi, ki yi ta wajen hagu. Kayan dama nawa ne."

Aka tura kwalekwalen. Sannan Nakom ya aika manzo sansanin Tok da magana biyu: 'yarka ta tsallaka lafiya, kuma rimin yana nan inda ka san shi. Duk wanda ya jingine mashi ya sha kunu, ko daga sansaninka ne, kasuwa a buɗe take gare shi.

Sarki Kukum ya hau matakalar Nakom da kansa, har ya manta ya taka ta ƙarshe.

"Ka sayar da ni!"

"Ranka ya daɗe, ganuwar nan mahaifinka bai dogara da ita ba, kakanka ma haka. In an kai yarinyar kan ganuwa, gobe Tok zai tafi, jibi fatake su bi shi. Za ka zauna a kan tabarma a garin masunta."

"In garin ya faɗi fa?"

"To ni ne na fara faɗuwa."

Sarki ya nemi a tuɓe shi, Ahkin ya ce doka ba ta ba da hanya ba. Tun daga ranar Kukum bai sake kiran sunan Kawich ba, sai dai ya ce a gaya wa mutumin kan tudu.

Tok bai yi godiya ba. Ya ɗauki saƙon a matsayin rauni, kwana uku bayan haka ya kawo hari da sassafe, da ganguna da ƙahonin katantanwa, mayaƙansa sanye da lifidin auduga suna ɗauke da tsani. Aka gwabza a ƙofar yamma har rana ta take. Kawich yana kan ganuwa inda kibau suka fi zuba, mutane suka ce neman mutuwa yake yi. Aka kore su. Bayan kwana biyar suka komo, aka sake korar su. A hare-haren biyu Yalkin ta rasa mutum talatin da ɗaya.

Da ake wucewa da gawawwakin, wata tsohuwa ta tsaya a gindin tudun Nakom ta ɗaga murya.

"Kawich! Da ka ba su yarinyar, da ɗana yana cin abinci yanzu! 'Yar wani ka tsare, ɗana ka bayar!"

Yana tsaye yana jin ta har ta gaji. Ba shi da wanda zai gaya wa cewa gaskiya ta faɗa. Ran nan ƙwaryar abincinsa ta koma yadda ta zo.

Amma mayaƙan Tok manoma ne, kuma guzurinsu ya fara ƙarewa. Da farko mutum biyu suka zo a ɗarare, suka jingine masunsu, suka sha kunu suna waige-waige. Ba wanda ya tanka musu. Suka sayi gishiri da busasshen kifi suka fita. Washegari mutum goma suka zo, jibi hamsin. Masu gadin ƙofa suka riƙa ba su kunu haƙora a cije, wani na gane wanda ya harbe shi shekaranjiya, sai ka ji ya ce masa:

"Kai ne mai kibiyar nan, ko? Sha, sha. Hannunka ma karkatacce ne, da yanzu ba ni nan."

Fataken da suka ɗaure kaya suka kwance. Mayaƙan kuwa duk wanda ya fito daga kasuwa sai ya tsaya ya ɗaga kai yana duban gabas. Sun share gonakinsu sun ƙone ciyawa kafin su taho, jira kawai suke ruwa ya sauka su je shuka. Kawich ya san haka. Shi ma kullum da safe gabas yake duba. In ruwa ya zo kafin ranar, sansanin zai watse da kansa.

Hadari ya haɗu a rana ta goma sha shida, ya yi duhu, iska ta ɗauke shi. Ya sake haɗuwa a ta goma sha takwas, ya yi ruri har yamma, ko ɗigo bai zubo ba. Rana ta goma sha tara, ranar saukar Nakom, ta fito fes, hayaƙin sansani yana tashi a miƙe a kan farar hanya.

Ahkin ya hau matakalar a hankali da igiyar auduga a hannu. Ya ɗaura ta a damtsen Kawich ƙulli uku, bai iya duban idonsa ba.

"Ba ni na tsara kwanakin ba, ɗana."

"Na sani, Baba."

Da tsohon ya sauka, Kawich ya dubi tsakar masaukin. Mukui ta gama mayafin. Ya ga ta cire shi daga masaƙa, ta ninke shi, ta riƙe a ƙirji na ɗan lokaci, ta shiga da shi ɗaki. Can ta fito da sabon zare ta zauna.

Bayan kwana shida ruwa ya sauka. Kafin ƙasa ta tsane, mayaƙan gari bakwai sun kama hanyar gonakinsu ba tare da sallama ba. Tok ya waiwaya ya ga bai fi mutum sittin a bayansa ba. Ya daɗe tsaye a kan farar hanya, sannan ya tako shi kaɗai zuwa gindin rimin, ya jingine mashinsa, ya karɓi ƙwarya ya sha. Abin da ya fara tambaya shi ne labarin 'yarsa. Aka ce ta sauka a tsibiri, namiji. Ya yi kwana tara a Yalkin yana yawo a kasuwa, Sarki Kukum na hango shi daga Zaure ba halin taɓa shi, har Makwa ya ɗauke shi da 'yarsa da jikansa ya yi kudu da su. Ba a sake jin ya nemi tabarma ba.

Labarin ya bi kwalekwale ya kai inda ƙafar mutumin Yalkin ba ta taɓa zuwa ba: akwai garin da aka kewaye shi da yaƙi, 'yar abokin gaba na hannunsa, bai taɓa ta ba. Da rani ya zagayo, bakin ruwa ya kasa ɗaukar kwalekwale, sai da aka share wani sabon wuri. Masaukin Mukui ya zama uku. Aka kafa dogon dutse a kusa da rimin, aka sassaƙa Sarki Kukum a jiki yana miƙa wa mace ƙwarya. Ya yi shekara talatin da ɗaya a kan tabarma, ana yi masa kirari da mai riƙon baƙo, kuma an ce daga baya shi da kansa ya yarda haka aka yi.

Kawich ya cika shekarunsa uku na biyu ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Ranar da aka kwance masa igiya ya sauko da furfura a kai, ba ganga ba rakiya. Mukui ta tarbe shi a ƙofa ta yafa masa mayafin, wanda ninkinsa ya riga ya yi layi. Ta dafa naman barewa, ta miƙa masa ƙwarya. Ya karɓa, ya duba ko'ina, sannan ya je lungu ya zauna yana fuskantar bango, don shekara shida bai ci abinci ido na kallonsa ba.

Ta ɗauki tata ƙwaryar ta zauna taku goma daga inda yake, ta kau da fuska, ta ci. Bayan 'yan kwanaki ta matso taku ɗaya.

Na sha tunanin wannan labari in ina aiki ni kaɗai. Mulki yana ga wanda aka sassaƙa a dutse, nauyinsa kuwa yana kan wanda ba a sassaƙa ba, kuma duk su biyun ba wanda ya iya matso da ruwan sama da kwana shida. Sarki ya so ya karya doka, aka tuna shi da kiyaye ta. Nakom ya kiyaye ta, ta cinye masa ƙuruciya, da 'ya'yan mutane talatin da ɗaya da bai taɓa daina ganinsu ba. Har yau baƙi suna zuwa su tsaya gaban dutsen su tambayi sunan Sarkin, a gaya musu, su wuce su sayi kifi. Ba wanda ke tambayar wa ya zauna a ɗakin kan tudu.

Ni dai abin da na tambayi kakar mijina shi ne ko taku goman nan sun ƙare. Ta ci gaba da surfenta, ta ce sai da damina ta shiga ta fita kafin a wanke ƙwaryar nan biyu a ruwa ɗaya.